Farashin Kuskure: Yadda Masana Suka Auna Asarar 'Yan Wasan Bilakjak a Gidajen Caca

A cikin shekarar 1987 wani malamin lissafi na Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Sacramento, mai suna Peter Griffin, ya zagaya gidajen caca na wurare huɗu a ƙasar Amurka, wato Atlantic City da Las Vegas da Reno da kuma Lake Tahoe, domin wani aiki da ya sha bamban da na sauran masu shiga irin waɗannan gidaje. Aikin nasa shi ne lura da yadda jama'a ke buga wasan kartar nan da ake kira bilakjak, ko kuma "ashirin da ɗaya", tare da ƙididdige duk wata shawara da ɗan wasa ya yanke wadda ta saɓa wa abin da lissafi ya tabbatar. Bayan ya tattara bayani a kan hannuwan wasa kimanin 11,000, sai ya gano cewa kurakuran 'yan wasa kaɗai suna cinye kimanin kashi 1.4 cikin 100 na duk kuɗin da suke zubawa a kan tebur. A Atlantic City adadin ya tsaya kusa da kashi 1.1, a Las Vegas kuwa ya doshi kashi 1.7.

Mai karatu zai iya ganin kamar wannan adadi bai taka kara ya karya ba, har sai an gwama shi da wani. Ƙa'idojin wasan su kansu, a gidajen da ke da sharuɗɗa masu sauƙi, ba su ba mai gida rinjayen da ya wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, matuƙar ɗan wasa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wato ke nan cikin kowace dala 4 da gidan caca ke samu daga matsakaicin ɗan wasa, kusan dala 3 ɗan wasan ne ya miƙa su da hannunsa saboda rashin iya yanke shawara.

Sanin kowa ne cewa addinin Musulunci ya haramta caca, kuma alƙaluman da za su biyo baya ba su bar wata ƙofa ta kwaɗayi ba, domin sun nuna cewa ko wanda ya haddace jadawalin wasan gaba ɗaya asara yake yi idan tafiya ta yi nisa. Abin da ya ja hankalin masana tattalin arziki zuwa teburin bilakjak shi ne, yana cikin wurare ƙalilan a duniya inda mutane ke yanke shawara da kuɗinsu na gaske, sau da yawa a cikin sa'a guda, alhali kowace shawara tana da amsar da aka riga aka sani. Saboda haka ana iya auna kuskure a can daidai wa daida, abin da ke da wuyar gaske a kasuwa ko a masana'anta.

Yadda wasan yake

Ana buga bilakjak da karta irin wadda aka sani, mai kati 52 a kwali, sai dai manyan gidaje kan haɗa kwali 6 ko 8 su yi lale da su gaba ɗaya. Kowane kati mai lamba, daga 2 zuwa 10, darajarsa ita ce lambar da ke jikinsa. Katuna masu hoto, wato K da Q da J, kowannensu 10 ne. Katin A kuwa ana lasafta shi 1 ko 11, gwargwadon abin da ya fi amfanar mai shi. Abokin karawar ɗan wasa shi ne ma'aikacin gidan da ke raba kati, wanda a nan za a kira shi mai rabo. Manufa ita ce jimillar katunan da ke hannun mutum ta fi ta mai rabo ba tare da ta haura 21 ba. Duk wanda ya haura 21 ya ƙone, kuma kuɗinsa ya tafi nan take.

Ana ba kowa kati biyu, shi kuma mai rabo ya buɗe ɗaya daga cikin nasa ya kife ɗaya. Daga nan zaɓi ya rage ga ɗan wasa. Yana iya jan ƙarin kati, yana iya tsayawa a kan abin da ya samu. Yana iya ninka kuɗin da ya zuba bisa sharaɗin kati ɗaya tak za a ƙara masa. Idan katunansa biyu darajarsu ɗaya, yana iya tsaga su su zama hannu biyu, kowanne da kuɗinsa. Wanda katunansa biyu na farko suka ba shi 21 cif, wato A da mai daraja 10, bisa al'ada ana biyansa dala 3 a kan kowace dala 2. Mai rabo kuwa ba shi da zaɓi ko kaɗan: dole ya ci gaba da jan kati muddin bai kai 17 ba, da zarar ya kai kuma ya tsaya.

To, daga ina rinjayen gida yake fitowa? Daga abu ɗaya ne, shi ne ɗan wasa ke fara yanke shawara. Idan ya ƙone, an kwashe kuɗinsa, ko da shi ma mai rabo zai ƙone daga baya. Mai rabo kan ƙone kimanin sau 28 cikin 100, don haka wanda ya kwaikwayi salon mai rabo sak, su biyun za su ƙone tare kusan sau 8 cikin 100, kuma duk na gida ne. Idan aka cire ƙarin da ake biya a kan 21 cif, irin wannan ɗan wasa yana asarar kimanin kashi 5.5 cikin 100. Wanda kuma ya ce shi ba zai taɓa jan kati ba muddin akwai yiwuwar ƙonewa, asararsa kusan kashi 4 ce cikin 100. Tsakanin waɗannan da rabin kashi ɗayan da aka ambata a baya, nan ne iya yanke shawara ke aiki.

Asalin ma'aunin

Ba a iya auna kuskure sai an san daidai. Waɗanda suka fara samar da ma'aunin wasu sojojin Amurka ne guda huɗu masu ilmin lissafi, Roger Baldwin da Wilbert Cantey da Herbert Maisel da James McDermott, waɗanda suka haɗu a sansanin Aberdeen da ke jihar Maryland. Sun daɗe suna lissafi da ƙananan injunan tebur, kafin su buga sakamakon aikinsu a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka a 1956. Abin da suka fitar jadawali ne mai nuna abin da ya fi dacewa a yi a kowane hali, bisa jimillar katunan ɗan wasa da kuma katin da mai rabo ya buɗe.

Wani matashin malamin lissafi, Edward Thorp, ya ɗora a kan aikinsu ta amfani da kwamfutar IBM 704 a cibiyar fasaha ta MIT, ya kuma fitar da littafinsa Beat the Dealer a 1962. Daga baya Julian Braun na kamfanin IBM ya ƙara tace alƙaluman, aka shigar da su bugu na biyu a 1966. Littafin ya tayar wa masu gidajen caca hankali, domin ya nuna cewa mai iya bin diddigin katunan da suka fita zai iya juya rinjaye zuwa gare shi. A watan Afrilu na 1964 gidajen Las Vegas suka tsaurara ƙa'idojin wasan, amma da jama'a suka ƙaurace wa tebura, cikin 'yan makonni aka koma gidan jiya. A ƙarshe ma littafin alheri ya zame wa gidajen, domin ya jawo dubban mutane da suka ji cewa ana iya cin wasan, alhali mafi yawansu ko jadawalin farko ba su ƙware a kansa ba.

Yadda ake sanya wa kuskure farashi

Hanyar awon ba ta da sarƙaƙiya. A kowane hali ana lissafa matsakaicin abin da kowane zaɓi zai haifar idan aka maimaita shi sau dubbai. Bambancin da ke tsakanin zaɓin da ya fi kyau da wanda ɗan wasa ya ɗauka, shi ne farashin kuskurensa, ko ya ci wannan hannu ko bai ci ba. Alƙaluman da ke tafe na kusa-kusa ne, bisa wasan kwali da yawa inda mai rabo ke tsayawa a kan kowace 17, kuma an ɗauka ɗan wasa yana zuba dala 100 a kowane hannu.

Alal misali, mutum yana da 16, mai rabo ya buɗe 7. Idan ya tsaya, ba zai ci ba sai mai rabo ya ƙone, wanda ke faruwa sau 26 kawai cikin 100. Matsakaicin asararsa kimanin dala 48 ce. Idan ya ja kati, zai ƙone sau 8 cikin 13, amma duk da haka matsakaicin asararsa kimanin dala 41 ce. Duka zaɓin biyu asara ne, sai dai ɗaya ya fi ɗaya sauƙi da dala 6 zuwa 7. Yawancin shawarwarin wasan haka suke, zaɓi ne tsakanin asara babba da ƙarama, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi wa 'yan wasa wuyar haɗiyewa.

Amma farashin kuskure sau ɗaya rabin lissafi ne. Ɗaya rabin shi ne sau nawa halin ke aukuwa. Sai an ninka biyun sannan ake sanin inda kuɗi ke zurarewa. A ɗauki hannuwa 1,000, wato jimillar dala 100,000 da aka zuba, a duba katuna biyu na farko.

Halin da aka fi yin gardama a kansa shi ne 16 a gaban 10 na mai rabo. Jadawali ya ce a ja kati, jama'a da yawa kuma tsayawa suke yi. Yana aukuwa kimanin sau 17 cikin 1,000, amma bambancin da ke tsakanin ja da tsayawa bai kai dala 1 ba, domin kowanne asarar kusan dala 54 ce. Wanda ya yi wannan kuskure kullum bai rasa dala 17 ba a cikin dala 100,000.

Sai wanda ke da 11 a gaban 6 na mai rabo, ya ƙi ninka kuɗinsa. Ninkawa tana kawo matsakaicin ribar dala 67, jan kati kawai kuma dala 33. Kuskure ne mai tsada ƙwarai, dala 33 a tashi ɗaya, sai dai bai cika sau 4 cikin 1,000 ba. Jimillarsa kimanin dala 120.

Akwai kuma wanda ke tsaga 20, wato katuna biyu masu daraja 10, a gaban 6, saboda kwaɗayin cin hannu biyu. Yana zubar da kimanin dala 13 kowane karo, sau 7 cikin 1,000, jimilla kusan dala 90.

Sai kuma wanda ke tsayawa a kan 12 a gaban 10 don tsoron ƙonewa, alhali katuna masu daraja 10 ne kaɗai za su ƙona shi, wato sau 4 cikin 13. Tsayawa asarar dala 54 ce, jan kati kuma dala 38. Bambancin dala 16 ne, bai kai rabin na ƙin ninkawa ba, amma halin yana zuwa kusan sau 24 cikin 1,000. Jimillarsa ta kai kimanin dala 370, wato ninki uku na wancan, kuma fiye da ninki ashirin na kuskuren da aka fi yin gardama a kansa.

Inshorar da ba ta kare komai

Wani kuskure da ya cancanci a ware masa wuri shi ne abin da gidajen caca suka laƙaba wa suna inshora. Idan mai rabo ya buɗe A, akan ba 'yan wasa damar zuba rabin kuɗinsu na farko a gefe, a kan cewa katin da ya kife mai daraja 10 ne. Idan haka ne, a biya su ninki biyu. Sunan yana da daɗin ji a kunnen ɗan kasuwa, amma a haƙiƙa wata caca ce dabam da aka rataya a jikin ta farko.

Lissafin a fili yake. Kafin biyan ninki biyu ya zama adalci, sai katin ya kasance mai daraja 10 sau ɗaya cikin uku. A wasan kwali 6 akwai irin waɗannan katuna 96 cikin 311 da suka rage bayan an buɗe A, wato ƙasa da kashi 31 cikin 100. Wannan ɗan giɓi ya ba gida rinjayen fiye da kashi 7 cikin 100 a kan kuɗin inshora. A kowane karo asarar ba ta kai dala 4 ba ga mai zuba dala 100, shi ya sa ba wanda ke jin zafinta. To amma mai rabo yana buɗe A sau 77 cikin 1,000, don haka mai karɓar inshora kullum yana rasa kimanin dala 285, fiye da ninki biyu na abin da ƙin ninkawa a kan 11 a gaban 6 ke ci.

Har ila yau, wanda ya sami 21 cif alhali mai rabo ya buɗe A, akan yi masa tayin a biya shi dala 100 nan take, maimakon ya jira dala 150 da zai iya rasawa idan shi ma mai rabo 21 cif gare shi. Mafi yawan mutane karɓa suke yi, bisa tunanin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai dai matsakaicin abin da jira ke kawowa kusan dala 104 ne. Mai karɓar tayin ya sayi kwanciyar hankali a kan dala 4, ya sani ko bai sani ba.

Kurakuran duk gefe ɗaya suka karkata

Da a ce kurakuran jahilci ne tsagwaronsa, da an ga sun rabu biyu, wasu na zaƙewa wasu na noƙewa. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba. A 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Gideon Keren da Willem Wagenaar, sun buga sakamakon lura da suka yi da 'yan wasa 112 a wani gidan caca na ƙasar Holan. Sun tarar cewa kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a inda ya kamata a ja kati. Sun kuma tarar da wasu aƙidu marasa tushe a tsakanin 'yan wasan, kamar cewa wanda bai iya wasa ba yana ɓata wa sauran mazauna tebur sa'arsu, alhali lissafi ya nuna kuskuren maƙwabci yana taimakon mutum daidai yadda yake cutar da shi.

A 2009 wasu malaman harkar kuɗi na Amurka, Bruce Carlin da David Robinson, sun sake duba al'amarin da kayan aiki na zamani. Sun sami bayanan wani tebur a Las Vegas da aka sanya wa na'urar MindPlay, mai karanta kowane kati da kowane kuɗin da aka zuba, a kan hannuwa fiye da 4,300. Sakamakon ya nuna kashi 80 cikin 100 na kurakuran daga noƙewa suke, wato ƙin jan kati, ko ƙin ninkawa, ko ƙin tsagawa a inda ya dace. Wani abin lura kuma shi ne, masu zuba manyan kuɗi ba su fi masu zuba ƙanana tsira daga wannan ɗabi'a ba.

Bayanin da masanan suka bayar shi ne gudun da-na-sani. Wanda ya ja kati a kan 16 ya ƙone, yana jin shi ya kashe kansa da kansa, a gaban jama'a kuma. Wanda ya tsaya mai rabo ya doke shi da 20, sai ya ce rashin sa'a ce. Kuɗin da aka rasa ɗaya ne, amma ɗacin ba ɗaya ba ne. Tun a 1982 Daniel Kahneman, wanda ya karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2002, tare da abokin aikinsa Amos Tversky, sun kawo misalin masu hannun jari biyu da kowannensu ya rasa dala 1,200, ɗaya saboda ya canza kamfani, ɗaya saboda ya ƙi canzawa. Yawancin mutane na ganin wanda ya canza shi zai fi cizon yatsa. Teburin bilakjak ya nuna nawa mutane ke biya don kauce wa wannan cizon yatsa, ana gudun gara ana faɗawa gidan zago.

Me ya hana a gyara?

Jadawalin ba sirri ba ne. Ana sayar da shi a kan ɗan kati a kantunan da ke cikin gidajen cacar su kansu, kuma galibinsu ba sa hana a duba shi a bakin tebur. To, me ya sa mutumin da ya shekara yana wasa ba ya gano kuskurensa?

Amsar tana cikin girman hawa da saukar sa'a. A ɗauki mai zuba dala 10 a hannuwa 100, wato zaman da bai kai sa'a biyu ba. Idan bai yi kuskure ba, matsakaicin asararsa dala 5 ce. Idan yana kuskure irin wanda Griffin ya auna, kimanin dala 19 ce. Bambancin dala 14 ke nan. Amma sakamakon zama ɗaya yakan yi sama ko ƙasa da matsakaici da kimanin dala 115, wani lokaci ma fiye. Saboda haka mai kuskure zai tashi da riba a kusan zama 43 cikin 100, shi kuma gwani a kusan zama 48. Babu idon da zai iya ganin wannan bambanci a dare ɗaya ko goma. Sai an buga hannuwa wajen 6,700, wato fiye da sa'a 100 idan ana buga 60 a sa'a, kafin asarar kuskure ta taru ta kai girman hawa da saukar sa'a.

A tsawon wannan lokaci kuwa, wasan yana koya wa mutum darasin ƙarya. Ya tsaya a kan 12 mai rabo ya ƙone, sai ya ce dabararsa ta yi aiki. Ya bi jadawali ya ninka kuɗi ya faɗi, sai ya rantse ba zai sake ba. Yana auna shawara da sakamakonta na rana ɗaya, alhali abin da ya kamata a auna ta da shi shi ne abin da aka sani lokacin da aka yanke ta.

Lissafin masu gida

Masu gidajen caca ba sa yin wannan kuskure. Ba su damu da ko baƙo ya ci ko an cinye shi yau ba. Abin da ma'aikatansu ke rubutawa shi ne matsakaicin kuɗin da yake zubawa, da tsawon zamansa, da saurin tebur. Sai a ninka waɗannan da rinjayen gida a fitar da asarar da ake sa ran zai yi, daga cikinta kuma a mayar masa da wani kaso ta hanyar ɗakin kwana ko abinci kyauta.

Wannan lissafi ne ke warware wani abu da kan rikita masu duba rahotannin wata-wata na Hukumar Kula da Caca ta Jihar Nevada, inda ake ganin teburan bilakjak suna riƙe fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin da baƙi suka canza a bakin tebur. Dalili shi ne kuɗin juyawa yake yi. Mutumin da ya zo da dala 200, yana zuba dala 10 sau 60 a sa'a, cikin sa'a biyu ya zuba dala 1,200. Kashi 2 cikin 100 na wannan dala 24 ce, wato kashi 12 cikin 100 na abin da ya shigo da shi. Duk ɗan kasuwar da ya san bambancin ribar kaya da yawan juyawar jari zai gane wannan nan da nan.

Bugu da ƙari, daga wajajen shekara ta 2000 gidaje da dama a Las Vegas suka fara rage abin da ake biya a kan 21 cif, daga 3 a kan 2 zuwa 6 a kan 5. Mai zuba dala 10 zai karɓi dala 12 maimakon 15. Da yake 21 cif na zuwa kusan sau ɗaya cikin hannuwa 21, wannan canji kaɗai ya ƙara wa gida kimanin kashi 1.4 cikin 100, daidai da dukkan kurakuran da Griffin ya ƙidaya a 1987. Wanda ya zauna a irin wannan tebur ya riga ya tafka babban kuskurensa tun kafin a raba kati, kuma babu gwanintar da za ta fanshe shi.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Kasuwa ba ta da jadawalin da ya ƙunshi amsar kowace tambaya, kuma saɓanin caca, ciniki na halal yana iya amfanar mai saye da mai sayarwa baki ɗaya. Duk da haka hanyar awon da masanan suka bi tana da amfani ga kowane mai dukiya.

Na farko, a jera kurakurai bisa jimillar abin da suke ci a shekara, wato farashin kowanne a ninka da yawan aukuwarsa. Babbar asarar da ta faru sau ɗaya ita ake tunawa ana ba da labarinta, amma ɗan ragin da ake yi wa kowane mai saye ba bisa lissafi ba, ko ɗan abin da ke zuba a kowane buhu, ko kwanakin da bashi ke ƙarawa a hannun abokan ciniki, su ne irin inshorar nan ta dala 4 da ke komawa dala 285.

Na biyu, a riƙa bincikar abin da aka ƙi yi kamar yadda ake bincikar abin da aka yi. Littafin ajiyar kuɗi yana nuna kayan da aka saya aka faɗi, amma ba ya nuna kayan da aka bari a sito suna rage daraja don gudun a karyar da su a ga asara ƙiri-ƙiri. Wanda ya ƙi sayar da kaya da faɗuwar kashi 10 yau, ya sayar da faɗuwar kashi 30 bayan wata shida, bai bambanta da mai tsayawa a kan 12 ba.

Na uku, a raba tsakanin kyawun shawara da kyawun sakamako yayin da ake yi wa manaja ko yaron shago hukunci. Mai gidan da ke tsawata wa yaronsa duk lokacin da ya ɗauki matakin da ya dace aka yi rashin sa'a, ya kuma yi shiru duk lokacin da ya naɗe hannu dama ta wuce, yana horar da shi ne a kan noƙewa, kuma daga aljihunsa za a biya kuɗin horon.

Na huɗu, a karanta sharuɗɗa kafin a zauna. Kuɗin ruwa da ladan dillali da wa'adin biya da aka amince da su ranar ƙulla yarjejeniya sukan fi duk wata dabarar da za a yi daga baya tasiri, kamar yadda 6 a kan 5 ta shafe duk ƙwarewar gwani.

Shi kansa Edward Thorp bai daɗe a gidajen caca ba. A 1967 ya fitar da littafi a kan kasuwar hannun jari tare da masanin tattalin arziki Sheen Kassouf, a 1969 kuma ya shiga harkar sarrafa jarin jama'a, inda ya yi amfani da wannan hanya ta auna kowace shawara da matsakaicin sakamakonta. Gidajen cacar da ya bari kuwa suna nan suna tara kashi ɗaya da rabi-rabi daga hannun mutanen da ba sa rubuta komai, domin kamar yadda masu iya magana kan ce, da yayyafi kogi kan cika.